Ƙullin Gishirin Hajiya Asabe

Shekara talatin da wani abu ke nan ina sayen fata da ƙirgi a Azare, kuma a tsawon shekarun nan babu abin da ya ratsa hannuna kamar gishiri. Buhu-buhu nake sayensa. To da sanin gishirin nan nawa na kusa kashe matata. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don duk wanda yake da mai hawan jini a gida ya karanta, musamman in shi ma irina ne, mai ganin babu abin da za a koya masa.

Matata Hajiya Asabe 'yar Katagum ce. Tun ranar da aka kawo ta gidana ba ta taɓa barina na shiga ɗaki kai tsaye daga sito ba. Ina yin sallama a zaure za ta ɗaga murya daga madafa ta ce, "Mai ƙirgi, a bi ta banɗaki tukuna." Ta ce tun ina bakin layi take jin warina. Na sayi turare iri-iri, na canza sabulu, ba ta fasa ba. A ƙarshe abin ya zame mana gaisuwa. Ranar da ba ta faɗa ba, na san na yi laifi.

Ciwon ya fara ne a farkon bazara, shekarar da wayar hannu ta fara yawa a gari. Ƙeyarta ke sara, in ta miƙe jiri ya ɗebe ta. Muka je asibiti bayan sallar asuba, muka yanki kati, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Ya ɗaura mata abin awo a damtse ya ce hawan jini ne. Ya rubuta wata 'yar ƙwaya, guda ɗaya kowace safiya, ya ce za ta riƙa sa ta yawan fitsari. Sannan ya faɗi abu uku: ta sha magani, a rage gishiri, mu dawo bayan mako biyu a gwada jininta. A cikin ukun nan, na farkon kaɗai na riƙe yadda aka faɗa.

A hanyar gida na yi ta lissafi a raina. Ni na san aikin gishiri. In aka kawo ɗanyar fata daga kwata na barbaɗa mata shi, kafin gari ya waye ruwa na bin ƙasan sito, fatar ta tsotse ta kame. Abin da ke yi wa fatar bijimi haka, me zai yi wa jijiyar mace? Kuma ni ban saba yin abu rabi-rabi ba. Muna isa na kwashe gishirin madafa da dunƙulen miya da kanwa, na kai sito na kulle.

"Alhaji, cewa ya yi a rage," in ji ta.

"In ragewa na da amfani, ai cirewa ta fi."

"To zo ka ɗanɗana wannan ka gaya mini, miyar kuka ce ko ruwan wankin tukunya?"

Na zauna na cinye tuwona tas a gabanta, har da lashe hannu, don ta ga ba ita kaɗai ba ce. Abin da ban gaya mata ba shi ne, kullum da rana ina aikawa a sayo mini balangu a bakin kasuwa, da yaji da gishirinsa. Ni ina ramawa a waje, ita kuwa ba ta da waje.

A mako na biyu na kai kaya Kano. A can wani abokin sana'a ya ba ni wata takarda da aka yi ta bugawa a inji har haruffanta sun dusashe. A lokacin ta zaga ko'ina, wataƙila wasu za su tuna ta. An rubuta cewa wanda ya sha manyan kofuna huɗu na ruwa da sassafe kafin ya ci komai, ruwan zai wanke masa hawan jini da wasu cututtuka da aka jero har ƙasan shafi. Na ce to, ga magani ba ɗaci. Na sayo babban jug. Na ƙara nawa a kan na takardar: bayan kowace salla kofi biyu. Ni da kaina nake tsayawa a kanta sai ta shanye.

"Cikina ya zama randa," take cewa.

"Daure, Hajiya, wanki ake yi."

Duk wanda ya san bazarar Azare ya san yadda mutum ke jiƙewa da gumi ko yana zaune a inuwa, balle mai tsayuwa gaban murhu. Ban kawo wannan a lissafina ba.

Ranar komawa asibiti ta zo daidai da ranar da nake lodin mota. Na tuna layin nan na asuba zuwa azahar, na ce ba zan iya ba. Da yamma na kai ta wani kemis aka auna ta, aka ce jini ya sauka sosai. Na dube ta na ce, "Kin ga aikina?" Na sayi ƙarin ƙwayar a nan, na wata guda. Gwajin jinin da likita ya ce a yi, ban ma sake tunawa da shi ba.

A mako na uku ta fara sanyi. Matar da ke share tsakar gida kafin rana ta fito, sai ta kai hantsi a kwance. Jijiyar ƙafarta na ɗaurewa, zuciyarta na tashi, tuwo ya fita ranta, sai ɗan kunu. Na ce maganin ne ke aiki.

Wata rana da la'asar tana miƙewa daga tabarma, wani abu ya faɗo daga haɓar zanenta. Ɗan ƙullin leda ne, bai fi kan babban yatsa ba. Ina latsa shi na gane. Gishiri ne mai tsakuwa, irin na fata.

"Daga buhuna kika ɗiba?"

"Ran da ka aiko a kai maka abinci sito na sa aka ɗebo mini. Lasa kawai nake yi, Alhaji. Jikina ne ke nema."

"Jikinki ko bakinki?"

Na jefa ƙullin a aljihun rigata. Na jira ta mayar mini da magana, don Hajiya ba ta barin bashin magana ya kwana. Ta dube ni kawai ta koma ta zauna. A lokacin na ɗauka na yi nasara.

Mako na huɗu ne abin ya fito fili. Ta tayar da salla ta manta ko raka'a nawa ta yi. Ta ɗora tukunya ba ta hura wuta ba. Ta faɗi a bakin rijiya ta kurje gwiwa. Na kira 'yarmu Bilkisu da ke aure a Misau ta zo ta zauna da ita, sai ga shi tana kiran Bilkisu da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun suna yara.

Nan gida ya cika da masu shawara. Wannan ta ce taifod ne, waccan ta ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe. Yayarta, Yaya Hansatu, ta taso daga Katagum da ƙullin kayanta. Tana ganinta ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, shafar iska ce. Ku dubi idon." Ta zo da rubutun sha, ta tsinka shi a galan guda don ya daɗe. Ba na raina addu'a, da ita muke tsaye. Amma ayar da za a sha a cokali biyu, mu galan muka mayar da ita, a kan jug ɗina da ban fasa ba.

Ranar da ba zan manta ba, na dawo daga sito da hantsi. Na yi sallama a zaure, shiru. Na wuce har ƙofar ɗaki da rigar aikina. Tana zaune a bakin gado. Tana ganina ta jawo mayafi ta rufe kai, ta matsa jikin Bilkisu ta ce a hankali, "Wane bawan Allah ne wannan ya shigo wa mutane har ɗaki?"

"Inna, Baba ne fa."

"Ce masa maigidan ba ya nan."

Na sha asara a sana'a. Na taɓa buɗe mota guda na tarar kaya sun ruɓe, na rufe na ce Allah ya mayar da alheri, na ci abincina. Amma wannan maganar ta fi ƙarfina. Kafin azahar jikinta ya fara jijjiga, idonta ya juye. Maƙwabcina ya fito da motarsa muka yi asibiti.

Likitan da ya karɓe mu wani siriri ne mai tabarau, ba zai wuce sa'an Bilkisu ba. Sai da suka tsayar da jijjigar, suka ɗebi jini, sannan ya kira ni gefe. Wane magani take sha? Tun yaushe? Me take ci? Ruwa fa? Na ba shi amsa dalla-dalla, har da ɗan alfahari, don ina so ya san ba gidan sakaci ta fito ba. Na ce gishiri ko ƙwaya ɗaya bai shiga tukunyarta ba kusan wata guda. Na zaro takardar Kano na miƙa masa. Ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido.

Da sakamakon ya fito ya zaunar da ni a benci. Kalma ɗaya ta turanci ya faɗa wadda ta zauna mini har yau, sodiyam. Ya ce shi ne gishirin da ke cikin jini, kuma nata ya yi ƙasa ƙwarai.

"Alhaji, mece ce sana'arka?"

"Fata da ƙirgi."

"Madalla. In ka zuba wa ɗanyar fata gishiri, me ke faruwa?"

"Ruwanta ya fito."

"In kuma ka ɗauki fatar nan mai gishiri ka tsoma ta a ruwa zalla?"

"Ta sha ruwa ta kumbura. Ai haka majema ke yi kafin su fara aiki."

"To ka san rabin karatun da na yi," in ji shi. "Saura rabin."

Zan faɗi yadda na fahimta, in na yi kuskure masu ilmi su gyara. Ya ce jikin mutum gaba ɗaya wasu 'yan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace kamar 'yar jaka mai siririyar fata, da ruwa a cikinta, tana kuma zaune a cikin ruwa. Ruwa yana ratsa fatar jakar nan ya shiga ya fita ba mai tare shi. Gishiri kuwa ba ya wucewa sai ta ƙofa, kuma kowace jaka tana da masu tura shi waje ba hutawa, don wurin zamansa a waje ne, cikin jini. Shi ruwa kullum ɓangaren da ya fi kauri yake bi. Muddin jini na da gishirinsa daidai, yana riƙe ruwansa a waje, jaka ma ta riƙe nata, kowa ya zauna lafiya.

"Ƙwayar da take sha tana fitar da gishiri ta fitsari," ya ce. "Shi ya sa aka ce ku dawo a gwada. Gumi ma yana fitar da shi. Kai kuma ka rufe hanyar shigarsa, sannan ka bi da ruwa. Jininta ya tsinke, ya zama salam. Yanzu cikin jakunkunan ya fi waje kauri. Ina ruwa zai nufa?"

"Ciki," na ce.

"Ciki. Su kumbura kamar fatarka a wurin majema. In a cinya ne da sauƙi, akwai wurin buɗawa. Ƙwaƙwalwa fa? A cikin ƙoƙon kai take, ba inda za ta je."

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Rigar ranar nan ce a jikina, ƙullin na nan. Na fito da shi na ce, "Likita, ga gishiri. In buhu ake so yanzu a kawo. A ba ta."

Ya riƙe hannuna. "Fatar da ta jiƙu, in ka baza ta a tsakiyar rana ta bushe farat ɗaya, yaya take yi?"

"Ta ƙandare. Wani lokaci ta tsage."

"Haka ƙwaƙwalwa. Kwana da kwanaki ta yi tana sabawa da wannan halin. In muka mayar da gishirin da gaggawa, ruwan zai fice da ƙarfi, ɓarnar ta fi ta yanzu, kuma ba ta gyaruwa. Kaɗan-kaɗan za mu yi. Wannan karon, Alhaji, rabi-rabi ake so."

Na tambaye shi abin da ke raina, ko za ta dawo ta gane mutane. Ya ce yana sa rai, amma ba zai yi mini alkawari ba. Na gode masa da bai rufe ni ba. Ni ma a ciniki na fi son wanda zai nuna mini hujin fata da kansa.

Suka dakatar da ƙwayar. Suka ɗaura mata ruwan gishiri a jijiya, yana ɗiga kamar mai jin ƙyuya, ma'aikaciyar jinya na zuwa tana duba agogo tana ƙirga ɗigon. Ruwan sha kuwa aka ce sai da awo, a wani ɗan kofi da bai fi na shayi ba. Safe da yamma sai an ɗebi jini, har hannunta ya yi tabo-tabo. Kowane ɗiba sai na bi layin ɗakin gwaji, na tsaya a rana, na dawo na jira likita ya zagayo. Ɗakin matan ga zafi ga cika, masu jinya kowa da tabarmarsa a gindin darbejiya. Na yi ƙorafi a lokacin, kuma har yanzu ina ganin layin nan ya yi wa marar lafiya tsawo. Amma gudun layin yini ɗaya ne ya jawo mini na kwana tara.

Rigimar da na sha da Yaya Hansatu ce. Leɓen Hajiya ya bushe, tana kiran ruwa, yayarta na hawaye.

"Wane irin asibiti ne wannan da ake hana marar lafiya ruwa? Ko kaza za a yanka ai ana ba ta ta sha."

"Yaya, ki yi haƙuri. Ruwan ne ciwon."

"Jiya kai ke ɗura mata, yau kai ke hanawa. Alhaji, wai wanne ne naka?"

"Na jiya nawa ne. Na yau na likita ne."

Ta harare ni, amma ta ajiye galan ɗin. Daga baya ita ce ta samo dabarar jiƙa auduga tana shafa mata a leɓe tana tofa addu'a, likita ya ce wannan ba laifi. Ita da Bilkisu suka raba aikin juya ta da goge mata jiki. Ni ba a barina na daɗe a ɗakin mata, kuma ko an bar ni, da na matso sai ta ja mayafi. Kwana uku ina tsayawa daga bakin taga ina kallon matata kamar ɗan leƙen asiri.

Rana ta huɗu da safe aka kawo mini fatu daga Gamawa. Ɗanyar fata ba ta jiran kowa a bazara, dole na je na sa aka zuba musu gishiri, har na sa hannu. Sai na ga lokacin zagayen likita ya yi. Ban koma gida ba, na tare ɗan acaɓa na wuce asibiti yadda nake.

Na shiga na tsaya a ƙafar gadon. Idonta a rufe. Bilkisu na yi mata fifita. Can sai na ga hancinta ya motsa. Ta yamutsa fuska. Ba ta ko buɗe ido ba ta ce, da wata 'yar murya a shaƙe, "Bilkisu, ce wa babanki ya bi ta banɗaki tukuna."

Matar gadon kusa ta tuntsire da dariya, don ita ma warin ya ishe ta. Yaya Hansatu ta yi ta hamdala da ƙarfi. Ni kuwa na bi umarni, na fita. Na zagaya bayan darbejiyar nan inda ba kowa, na yi abin da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

An sallame mu rana ta tara. Aka canza mata magani, aka ce gishiri a sa shi kaɗan a miya kamar yadda aka faɗa tun farko, ruwa kuma ta sha in ta ji ƙishi. Ta yi wajen wata biyu kafin ƙarfinta ya dawo. Kwana goman da ta yi a ruɗe har yau ba ta tuna su, kuma ban matsa mata ba.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. Ba cewa na yi mai hawan jini ya ci gishiri ba, yawansa na kisa, likitan ma ya nanata mini. Cewa na yi in an ce a rage, to a rage ɗin. In an ce a dawo a gwada jini, a ajiye lodi a dawo, don abin awon kemis ba ya ganin gishirin jini. Takardar da ba a san wanda ya rubuta ta ba, a kai wa likita ya gani kafin a gwada ta a jikin mutum. In kuma tsoho mai shan ƙwayar fitsari ya fara mantuwa da faɗuwa, a yi addu'a a mota, a hanyar asibiti. Likitan nan da ma'aikatan ɗakin, da maƙwabcina mai mota, da Yaya Hansatu da ta bar gonarta ana shirin shuka, Allah ya saka musu da abin da ba zan iya ba.

Ranar da Hajiya ta fara komawa madafa, na same ta tana kaɗa miya. Na fito da ƙullin na ajiye mata a kan turmi. Na ce, "Ga kayanki. Kuma akwai maganar da ban gaya miki ba. Duk watan nan da nake cin tuwo salam a gabanki, ina cin balangu a kasuwa."

Ba ta ko juyo ba. "Na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Mai ƙirgi, ni da ke jin warinka daga bakin layi, yajin da ke gemunka ne zai ɓace mini?"

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na ga kana lashe hannu kana ɓata fuska don ni. Na ce bari na bar maka ladanka."

Ƙullin ba ta kwance shi ba. Ta sa Bilkisu ta kafa ƙusa a saman ƙofar madafa ta rataye shi, yana nan har yau, ledar ta yi baƙi da hayaƙi. Duk ranar da na gyara zama na fara cewa, "Ai ni na san," ba ta tanka mini. Ludayi kawai take ɗagawa ta nuna ƙusar, ni kuma na ja bakina na wuce banɗaki.